Raɗar Ƙwaƙwalwa a Cikin Rugugin Maganaɗisu

Duk wanda ya tashi a Musawa, ko Matazu, ko wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtuwa, da wuya a ce bai taɓa ganin mai farfaɗiya ya faɗi ba. Magidanci na tsaka da cirar auduga, ko yarinya na bakin murhu, sai a ga jiki ya sandare, an yanke jiki an faɗi ana jijjiga. Jama'a kan ja da baya don gudun kumfar baki, alhali kumfar nan ba ta sa wa kowa ciwon. Akan fara da rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a nufi asibitin gari, daga can a ba da takarda zuwa Katsina ko Kano ko Zariya, tafiya mai nisa ko wace hanya aka bi.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Binciken da Farfesa Lukman Owolabi na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya tattara ƙidayar gida-gida da aka yi a sassan Najeriya, ya samu cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 1,000 na fama da farfaɗiya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Musawa mutum 171,714. In aka ɗora wancan ƙiyasi a kan wannan adadi, ana maganar mutum sama da 1,300, tun kafin a lissafa ƙaruwar jama'a ta shekarun da suka biyo baya. Dalilan kuwa sanannu ne a wannan yanki: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda, buguwa a ka daga haɗarin babur, da sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa.

A babban asibiti, gwaji biyu likitan ƙwaƙwalwa kan nema. Na farko EEG, wato rubuta lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Na biyu MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu. Kowanne da ranarsa da ɗakinsa. Amma sama da shekara 30 ke nan masana a wasu ƙasashe suna ƙoƙarin haɗa su a lokaci guda, majiyyaci na kwance a cikin na'urar hoto ana rubuta lantarkin kansa. Abin da ya tsaya musu a gaba shi ne, na'urar hoton tana binne rubutun da hayaniyarta. Yadda aka koyi tono shi labari ne mai darasi har ga ɗakin gwajin da bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba.

Ɗaya ya san lokaci, ɗaya ya san wuri

Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara rubuta lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a garin Jena a 1924, ya buga sakamakon a 1929. Har gobe tushen aikin bai canja ba. Ana manna 'yan faya-fayan ƙarfe a fatar kai, su tsinci wutar da miliyoyin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke samarwa in sun motsa tare. Wutar nan ba ta da yawa ko kaɗan: daga mikrobolt 10 zuwa 100, ga shi sai an tara mikrobolt miliyan ɗaya ake samun bolt guda. A kan allon kwamfuta takan fito kamar layuka masu hawa da sauka. A wurin mai farfaɗiya, ko ba ya cikin faɗuwa, wani lokaci akan ga layin ya yi tsini farat ɗaya ya koma. Wannan tsini likita ke farauta. EEG na iya faɗin lokacin da ya faru har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sai dai ƙoƙon kai da fata suna warwatsa wutar, don haka ba ya iya nuna takamaiman inda ta taso.

MRI kuwa gwanin wuri ne. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aza harsashinsa. A 1990 Seiji Ogawa, ɗan Japan mai aiki a Amurka, ya nuna cewa hoton na iya bambance jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya sauke ta. Tun da duk sashen ƙwaƙwalwar da ya yi aiki jini na kwarara zuwa gare shi, sai aka sami hanyar ganin inda aiki ke gudana, ita ce fMRI. Rauninta jinkiri ne, domin jinin ba ya kai ƙololuwa sai bayan sakan 5 zuwa 6.

Dabarar ke nan: in EEG ya ce tsini ya faru a sakan kaza, sai a duba hotunan da suka biyo baya a ga wane sashe jini ya ruga. Ɗaya ya ba da lokaci, ɗaya ya ba da wuri. John Ives da abokan aikinsa a asibitin Beth Israel da ke Boston su suka fara ba da rahoton rubuta EEG a cikin na'urar MRI a 1993.

Dokar Faraday ba ta san likita ba

A 1831 Michael Faraday ya gano cewa duk lokacin da maganaɗisu ya sauya a kusa da zagayen waya, ko wayar ta motsa a cikin maganaɗisu, wuta za ta taso a cikinta. Da wannan doka kowane janareta ke aiki. To mutumin da aka sa wa hular EEG mai ɗauke da faya-fayan, tsakanin kansa da wayoyin da akwatin karɓar sigina, ya zama zagayen waya da yawa. Sai kuma a tura shi cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3. Mai tesla 3 ya ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau 60,000.

Matsala ta farko ma ta tsaron lafiya ce. Na'urar na harba igiyoyin rediyo masu ƙarfi, waɗanda ke iya ɗumama waya har ta ƙona fata. A 1997 Louis Lemieux da abokan aikinsa na Cibiyar Nazarin Jijiyoyi da ke Queen Square a Landan suka fitar da ƙa'idoji: a sa ɗan abin taƙaita wuta a gindin kowane faifai, kada a bar waya ta yi zobe, a kauce wa salon ɗaukar hoton da ke yawan harba igiyar rediyo. Ƙarfen da maganaɗisu ke ja ba ya shiga ɗakin sam. Akwatin karɓar sigina da batir yake aiki, saƙonsa kuma ta zaren gilashi yake fita zuwa kwamfutar da ke ɗaya ɗakin.

Wanda ya tsaya a gaban wannan kwamfuta zai ga abin da idonsa. Kafin a fara ɗaukar hoto, layuka 32 ko 64 na tafiya a jere, in majiyyaci ya rufe ido a ga na ƙeya sun fara kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan. Ana danna maɓalli, na'urar ta fara buga ƙararta mai kashe kunne, sai allon ya cika da baƙin zane daga sama har ƙasa. Layukan sun ɓace. Dalili shi ne, domin ta san daga ina kowane sigina ya fito, na'urar na kunna wasu naɗaɗɗun wayoyi tana kashewa ɗaruruwan lokuta a sakan, kowace kunnawa na sauya maganaɗisun da ke ratsa kai. Wutar da hakan ke tayarwa a wayoyin EEG na iya ninka ta ƙwaƙwalwa sau 100 ko fiye.

Da farko kauce wa matsalar aka yi. A tsakiyar shekarun 1990 likita kan zuba wa allo ido na'urar hoto na shiru, da ya ga tsini sai ya danna a ɗauki hoto bayan 'yan sakanni, tun da jini ma sai ya jinkirta. Hanyar ta yi aiki, amma tana cin lokaci, kuma duk abin da ya faru a yayin ɗaukar hoton ya salwanta.

Abin da ke maimaita kansa ana iya cire shi

Mai injin niƙa a kasuwa yana jin kiran mai kawo hatsi, alhali baƙon da ya shigo rumfar ba ya jin ko muryar kansa. Ba kunnensa ne ya fi na kowa ba. Ƙarar injin ce iri ɗaya take dawowa, har ya haddace ta, duk abin da ya saɓa mata sai ya fito fili. A kan irin wannan tunani Philip Allen da abokan aikinsa na Queen Square suka gina hanyar da suka buga a shekarar 2000, wadda har yau ita ce ginshiƙin aikin.

Na'urar hoto na bin tsari ɗaya ne a kowane zagaye, don haka hayaniyarta kusan iri ɗaya ce duk lokacin da ta dawo. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta bin agogon na'ura: a wannan zagaye layinta na sama, a wancan yana ƙasa. Sai a yanka rubutun gunduwa-gunduwa daidai tsawon zagayen, a jera guntaye masu yawa, a fitar da matsakaicinsu. Saman ƙwaƙwalwa da ƙasanta sai su cinye juna, abin da ya rage shi ne surar hayaniyar tsantsa. A ɗebe wannan sura daga kowane guntu, sai layukan Berger su sake bayyana.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Hayaniyar na hawa da sauka da saurin gaske, don haka dole a riƙa auna siginar kamar sau 5,000 a sakan, kuma akwatin ya kasance mai faɗin da zai ɗauki babbar wutar ba tare da ya cika ya toshe ba. In ya toshe, babu lissafin da zai dawo da abin da ba a rubuta ba. Sannan agogon akwatin EEG da na na'urar hoto ba sa tafiya daidai. Saɓanin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya bar ragowar hayaniyar da ta fi siginar ƙwaƙwalwa girma. A 2006 Hendrik Mandelkow da abokan aikinsa a Zurich suka nuna cewa in aka ɗaura agogon biyu a kan bugu ɗaya, ragowar na raguwa ƙwarai.

Wasu kuma suka ce rigakafi ya fi magani. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Robin Goldman da Mark Cohen sun murɗa wayoyin bibbiyu kamar igiya, ta yadda wutar da ta taso a wani murɗi za ta kashe ta maƙwabcinsa. A Nottingham, Karen Mullinger da Richard Bowtell da abokan aikinsu sun gano a 2011 cewa in aka ja majiyyaci wajen ƙafafu da kimanin santimita 4 daga inda aka saba ajiye kai, hayaniyar na raguwa sosai ba tare da hoton ya lalace ba. Gyara ne da ba ya cin ko kwabo.

Zuciya ba ta bin agogo

Ko na'urar ba ta ɗaukar hoto, babban maganaɗisun na nan a kunne dare da rana. A cikinsa duk bugun zuciya sai ya bar tabo a rubutun. Jinin da ya hauro yana girgiza kai kaɗan, jijiyoyin fatar kai na kumbura su ɗaga faifan da ke kansu, shi kansa jinin kuma ruwa ne mai ɗaukar lantarki da ke gudu a cikin maganaɗisu. Tabon kan bayyana kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan bayan bugun, kuma yana ƙaruwa da ƙarfin maganaɗisu.

Wannan tabo bai kai hayaniyar na'ura girma ba, amma ya fi ta wuyar sha'ani. Saurin kaɗawarsa ya faɗo daidai inda kaɗawar ƙwaƙwalwa take, don haka in aka sa matatar da za ta zubar da shi, har da abin da ake nema za ta zubar. Allen ya gwada masa hanyar matsakaici tun 1998, yana amfani da rubutun bugun zuciya wajen sanin inda za a yanka. An sami sauƙi, sai dai zuciya ba inji ba ce. Numfashi na sauya ta, tsoro na sauya ta, bugun yanzu ba ya zama daidai da na ɗazu. A 2005 Rami Niazy da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka kawo gyara: maimakon sura ɗaya, a fitar da 'yan surori kaɗan da suka fi bayyana yadda tabon ke sauyawa, a auna wa kowane bugu nasa haɗin. Manhajarsu kyauta ce, tana aiki a cikin wata manhajar nazarin EEG mai suna EEGLAB.

Akwai kuma abin da ba ya maimaita kansa ko kaɗan: haɗiyar yawu, tari, gyara wuya, motsin ƙafa da ya kai ga kai. Motsin milimita ɗaya a cikin tesla 3 na iya zana abin da ya yi kama da tsinin farfaɗiya, kuma yakan sauya surar hayaniyar na'ura ta yadda matsakaicin da aka fitar a baya ba zai ƙara dacewa ba. Ga kuma famfon da ke sanyaya ruwan hiliyom, wanda ke riƙe maganaɗisun a kan sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Girgizarsa na bin gado ta shiga wayoyi. Shi ya sa ake danne wayoyin da jakunkunan yashi, a tokare kai da matasai, wasu cibiyoyin ma kan kashe famfon na ɗan lokaci.

Maganin da aka samo wa wannan shi ne a kafa sheda. A 2007 Richard Masterton da abokan aikinsa a Melbourne ta Ostireliya suka ɗora zobban zaren kabon a kan hular, ba tare da sun taɓa fata ba. Zobban ba sa jin ƙwaƙwalwa, motsi kaɗai suke ji. Duk abin da ya bayyana a cikinsu, an tabbata ba daga ƙwaƙwalwa ya fito ba, sai kwamfuta ta auna rabonsa a kowane layi ta ɗebe. A 2014 ƙungiyar Nottingham ta faɗaɗa dabarar da hula mai hawa biyu: faya-fayan ƙasa na taɓa fata, na sama na taɓa wani shimfiɗi mai ɗaukar lantarki kamar fata amma babu ƙwaƙwalwa a ƙarƙashinsa. A ɗebe na sama daga na ƙasa.

A duk waɗannan hanyoyi haɗari biyu ne. In tacewa ta gaza, motsi zai yi shigar tsini, hoto ya nuna wurin da ba shi da laifi. In ta wuce kima, tsinin gaske zai bi hayaniya ya tafi. Saboda haka ƙwararru kan fara rubuta EEG ɗin majiyyaci a wajen na'ura, su san kamannin tsininsa, kafin su yarda da abin da suka gani a ciki.

Wa zai amfana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Haɗin EEG da fMRI ba don waɗannan aka yi shi ba. Na ragowar ne, waɗanda magani ya gaza a kansu, ake tunanin yi musu tiyata a cire ɗan sashen da wutar ke tasowa. Cibiyoyi irin ta Montreal a Kanada, inda Jean Gotman ya daɗe yana wannan aiki, suna amfani da shi wajen zaɓar inda za a zurfafa bincike, musamman in hoton yau da kullum bai nuna tabo ba. Ko a Turai da Amurka, aikin 'yan cibiyoyi ƙalilan ne.

A nan gida lissafin daban ne. Ƙidayar da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018 ta sami na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, akasarinsu masu ƙaramin maganaɗisu da ba su dace da fMRI ba. Abin da mai farfaɗiya a Musawa ya fi buƙata a yau shi ne a gane ciwonsa, ya sami fenobabiton ko kabamazefin ko balfuruwet mai kyau, kada ya yanke masa. Wannan gurbi shirin BRIDGE ya nufa, haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takwarorinsa, wanda ya horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko a Kano da Zariya da Kaduna su riƙa gano farfaɗiyar yara suna ba da magani.

Hayaniyar da ke ɗakin gwajinmu

Duk da haka kuskure ne a ɗauka labarin tace sigina na mutanen Landan da Melbourne ne kawai. EEG ɗin da ake yi a asibitocinmu ma yana da tasa hayaniyar. Wutar gari na kaɗawa sau 50 a sakan, tana kutsawa cikin rubutu in wayar ƙasa ba ta da kyau. In an koma janareta, kaɗawar kan yi sama da ƙasa, matatar da aka saita a kan 50 ta kasa kama ta. Cajar waya a bango, fanka, firji, duk suna da rabonsu. A watan Afrilu gumi kan jiƙa fatar kai, layuka su riƙa lilo a hankali kamar na ƙwaƙwalwar da ta sami rauni. Ƙifta ido, tauna, kukan yaro, jijjigar uwa mai rarrashi, kowanne da zanensa.

Shi ya sa ma'aikaciyar gwaji ke cewa a tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai. Za ta auna kan da tef daga karan hanci zuwa ƙeya, ta yi alama, ta raba gashi, ta goge fata, ta manna kowane faifai, sannan ta duba a kwamfuta ko ya kama sosai. A lokacin gwajin kuma tana rubuta duk abin da ta gani: ya yi tari, ya juya, an buɗe ƙofa. Aikin da zobban Masterton ke yi ke nan, ita da ido da alƙalami take yin sa. In babu wannan sheda, mai karatu na iya ɗaukar motsi a matsayin tsini. Selim Benbadis na Jami'ar Kudancin Florida ya sha nuna cewa zuzuta karatun EEG na cikin manyan dalilan da ke sa a laƙaba wa mutum farfaɗiyar da ba shi da ita. A ƙasar da wannan suna ke iya hana yarinya aure ko ya fitar da yaro daga makaranta, irin wannan kuskure ba ya tsayawa a takardar asibiti.

Akwai kuma ƙofar da take a buɗe tun yanzu. Mafi yawan aikin tace sigina lissafi ne, kwamfutar cinya ta ishe shi. Manhajoji irin EEGLAB da MNE kyauta ne, kuma akwai rubuce-rubucen EEG da aka ɗauka a cikin MRI da masu bincike suka saki a intanet don kowa ya gwada hanyarsa. Ɗalibin fiziks ko lissafi ko kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko ta Ahmadu Bello, na iya koyon aikin Allen da na Niazy daga tushe ba tare da ya taka ƙafa waje ba, sannan ya juya basirar kan hayaniyar janareta da gumi da ke damun asibitocin da ke kusa da shi. Gwamnati na iya sayen na'ura a cikin kasafin shekara guda, amma mai bambance tsini da motsi sai an shekara ana horar da shi. In ana son majiyyacin da ya taso daga Musawa ya koma gida da sakamakon da za a dogara da shi, horar da masu gwaji da masu karanta shi ne abin da ya kamata a fara sa wa kuɗi.